Teburan Ɗan Azumi

Ɗan Azumi taubashina ne. Uwarsa, Gwaggo Delu, ƙanwar ubana ce, don haka tun muna yawo ba wando a Guna nake kiransa bawana, shi kuma yana ce mini ubangidan banza da ko akuya bai ajiye ba. Na fara da wannan ne don a san matsayina a labarin nan. Duk Damagaram ba wanda ya kai ni gaya masa gaskiya, ba kuma wanda yake raina wa magana kamar ni. Abokin wasa ko ya ce maka gemunka ya kama wuta, sai ka yi dariya tukuna kafin ka shafa.

Ya riga ni shigowa gari. Shekarar da fara ta cinye hatsi a ƙasarmu ya bi ayarin masu jakuna ya zo, saurayi siriri mai dogon wuya, ba shi da komai sai wandon jikinsa. Ya fara da ga-ruwa, domin a Damagaram mai ɗaukar ruwa ba ya rasa aiki. Cikin gidajen da yake kai wa ruwa a bariki akwai na wani Nasara, wakilin kamfanin sayen gyaɗa. Tsohon kukun gidan ya ga yaron ba shi da ƙyuya, ya jawo shi madafa, yana wanke tukwane, yana feraye dankali, yana hura wuta. Da tsohon ya gaji ya koma garinsu, sai ya bar masa wuƙaƙe da murhu. Nasara uku ya dafa wa abinci a gidan nan, ɗaya bayan ɗaya. Su suna zuwa suna tafiya, shi yana nan.

Ni sai daga baya na biyo shi, na koyi ɗinki, na kafa kekena a Zango, bakin hanyar da ta nufi tasha. A lokacin ya zama cikakken magidanci. Ya auri Jummai, 'yar Dogo, mace mai ƙarancin magana da yawan awaki, sun haifi 'ya'ya, ya kuma ɗauko Gwaggo Delu daga ƙauye da idonta ya fara rauni. Mutum ne mai tsabta har ta yi masa yawa. Farcensa kullum a yanke, hularsa kullum a wanke, in yana tafiya sai ka ce kwanon miya ya ɗauko a cike. Salla ba ta wuce shi. Ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba sai ni.

Amma akwai abin da ke cinsa a rai, kuma na san ranar da ya soma. Suna ake yi a unguwarmu, an yanka rago, samari suna ta yi wa naman kaca-kaca kamar masu faskare. Ɗan Azumi ya kasa haƙuri, ya naɗe hannun riga ya ce a ba shi wuƙar. Sai wani mai bakin tsiya, wanda ba zan faɗi sunansa ba tunda ya riga mu gidan gaskiya, ya ce, "A'a, kuku, huta abinka. Wa ya san abin da hannun nan ya juya jiya?" Aka yi dariya, kafin azahar kowa ya manta. Shi dai ya warware hannun rigarsa a hankali, ya koma ya zauna. Gaskiya ne a gidan Nasara akwai abin da musulmi ba ya ci, gaskiya ne kuma ya dafa, aikinsa ke nan. Bai taɓa kaiwa bakinsa ba, tukunyarsa ma daban take. Amma daga ranar nan ya sa wa ransa cewa mutanen garinsa suna ƙyamar hannunsa.

Da zancen 'yancin kai ya kankama, Nasaransa na ƙarshe ya ɗaure kaya zai koma ƙasarsu. Abin da ba zai shiga akwati ba ya bar wa kuku: teburan ƙarfe huɗu, kujeru, fararen farantai, cokula har da masu yatsu, da fararen ƙyallayen da ake shimfiɗa wa tebur. Da yamma Ɗan Azumi ya zo rumfata, ya zauna a kan buhun guntayen yadi, fuskarsa tana sheƙi.

"Suma'ila, otel zan buɗe."

"Na Nasara? Ai ga su suna tafiya."

"Namu. Tun ina saurayi baƙi nake ciyarwa. Ina so kafin in mutu in ga ɗan garin nan ya zauna ya ci girkina, ya ce madalla."

Ban yi masa dariya ba a ranar, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Ya kama hayar wani gida daura da rumfata, ya kwaso iyalinsa suka koma can. Soro babba ne a gaba, tsakar gida a baya, da wata ƙaramar ƙofa da ta ɓulle lungu, inda Jummai take zubar da ruwan wanke-wanke. Ya shafe bangon da farar ƙasa. Ya kafa rumfa a bakin hanya, ya jera teburan nan a ƙarƙashinta, kujeru duk suna fuskantar titi, yadda ya ga Nasara suna zama a otel ɗinsu na bariki, suna ci suna kallon masu wucewa. Da na ga haka na bar ɗinki na tsallaka.

"Bawana, wa zai zauna nan?"

"Mutane."

"Waɗanne mutane? Ka manta garin da kake? Shigar da kayan nan ciki, ka kafa zana."

"In koma irin na masu tuwo-tuwon bayan tasha, mutum yana ci yana fuskantar zana kamar ɓarawo? Ba a ɓoye abinci mai kyau, Suma'ila. Kai ɗinki ka sani, shi ma rabi."

To, bari in faɗi abin da ya manta, don yanzu yara suna tafe suna tauna a titi ba ruwansu. A wancan zamani magidanci ba ya ci a idon jama'a. In aka gan ka zaune a bakin hanya kana kai loma, kafin ka wanke hannu labari ya isa gida cewa matarka ba ta girki, ko kun yi faɗa, ko rumbunka ya ƙare. Ga surukai, waɗanda gara mutum ya wuni da yunwa da su gan shi baki cike. Ni kaina surukina igiya yake sayarwa a gindin durumi, jifa ɗaya daga teburan nan. Sannan ga bismilla. Duk wanda ya wuce kana ci dole ka ce masa bismilla, in ba haka ba ka zama marowaci har jikokinka. Gwauraye da baƙi su ke sayen abinci, su ma sai sun kutsa bayan zana. Ɗan Azumi ya san duk wannan yana yaro. Zaman madafar Nasara ne ya shafe masa shi, ya kuma ɗauka tunda za a canja tuta, wannan ma zai canja.

An buɗe da kakar gyaɗa, gari cike da mutanen ƙauye. Kuma wallahi mutumin nan ya iya girki. In ya soya albasa, sai zare ya kuɓuce mini daga allura. Shinkafarsa kowace ƙwaya a ware, naman ya dahu har ba ka buƙatar haƙori, miyar ja wur, da wani ganye mai ƙamshi da yake shukawa a tsohuwar garwa. Mutane sukan rage tafiya in sun zo daidai rumfar, su ja numfashi, su gaishe shi, su wuce.

Ɗan ƙasa na farko da ya zauna shi ne Habu, wani manomi daga Zermu, wanda ya kawo gyaɗa ya sayar, yunwa ta rufe masa ido. Ya ɗaure jakinsa, ya hau kujera a ɗarare, ƙafa ɗaya naɗe a ƙarƙashinsa. Ɗan Azumi ya kawo masa faranti da kansa, har da ɗan rusunawa. Habu ya ture cokali gefe, ya wanke hannu, ya kai loma ɗaya, ya lumshe ido. Kafin ya buɗe, ga wani ɗan garinsu tafe da buhu a ka.

"Bismilla," in ji Habu.

A cikin gari amsar ita ce alhamdu lillahi, ka wuce. Amma wannan ɗan Zermu ne, tun asuba yake tafe, kuma tare aka yi musu kaciya da Habu. Ya sauke buhu ya ce to, ko don albarka. Ba su yi nisa ba sai ga ƙanen matar Habu, sai ga maƙwabcin gonarsa, sai ga wani wanda shi kansa Habu bai tuna inda ya san shi ba. In ana awon gyaɗa, rabin Zermu ta wannan hanya take bi. Ina zaune a kan kekena ina ganin hannuwa suna sauka a farantin nan da ba a yi shi don mutum biyu ba. Habu ya tashi yana suɗe yatsa, ya biya, ya kwance jakinsa. Ya ce, "Maigida, abincinka da daɗi, in ji waɗanda suka ci. Ran da nake son yin sadaka, na san wuri."

Na yi dariya har na soke yatsa da allura. Da yamma na ce wa Ɗan Azumi, "Ka gani ko?" Ya ce baƙauye ne, bai san tsari ba.

Haka aka yi ta tafiya. Ba wai ba a ci sam ba. Direbobin manyan motoci masu zuwa daga kudu sukan zauna, da wasu komi, akawuna 'yan Dahome masu rubutu a buro, wato ofishin gwamnati, da soja jefi-jefi. Baƙi dai, irin waɗanda ba su da suruki a gari. 'Yan gari kuwa sai gaisuwa. Ni nakan zagaya ta lungu in tsuguna a bayan tukwane in cika cikina, in ce masa ka ga na ci ban mutu ba. Sai ya ce taubashi ba shaida ba ne, ni ko tsohon takalmi aka dafa zan ci. Jummai ma ta taɓa cewa, "Maigida, da an gwada shigo da tebur ɗaya ciki." Ya tambaye ta otel nawa ta taɓa shiga. Ba ta ƙara ba.

Wanda ya karya masa zuciya Malam Ari ne. Malam Ari Babarbare ne, mai fataucin fatu, gidansa a cikin Birni, rumfarsa a Zango, dattijo mai farin gemu wanda in ya sa baki a rigima ta mutu. Kullum yakan wuce ta gaban otel. Ɗan Azumi ya ƙudurta cewa in wannan ya ci, gari ya ci. Wata rana bayan azahar ya zuba faranti na musamman, ya tare shi a tsakiyar hanya, ya rusuna.

"Malam, ko loma ɗaya ku sa mana albarka."

Malam Ari ya dubi farantin. Ya dubi hagu, ya dubi dama, hanya cike da mutane, kowa ya tsaya kallo. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Ɗan Azumi. Allah ya yi albarka." Ya tattare babbar rigarsa ya ƙara sauri.

Na bi taubashina ciki. Na same shi tsugune a bakin randa yana wanke hannu da toka, yana cuɗawa kamar zai cire fata. Na ce masa wallahi ba abin da yake zato ba ne, titin ne. Bai ko ɗago ba, ya ce, "Na gode, ubangida. Ka iya lallashi." Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, na sani. Amma ranar na ji haushin zama abokin wasansa. Da ni wansa ne, da ya saurare ni.

Kaka ta wuce, motocin gyaɗa suka ɗauke ƙafa. Azumi ya zo aka rufe, aka buɗe bayan salla cikin zafin bazara, kujerun ƙarfe suna ƙona wanda ma ya zo. Awakin Jummai suka fara tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Kullum da hantsi yana shimfiɗa fararen ƙyallayensa, kullum da la'asar yana naɗe su, sau da yawa ba ɗigon miya ko ɗaya a jiki. Ni da nake kallo daga tsallake, wannan naɗewar ta fi komai taɓa mini zuciya.

Da ruwan farko ya sauka, wani direba ya kawo masa saƙo daga Yamai. Manyan da za su karɓi mulki suna neman kuku wanda ya san girkin Nasara, an kuma ambaci sunansa. Aiki mai kyau, sai dai ɗaki ɗaya ne a bayan gida, na mutum ɗaya. Yamai kuwa a lokacin ba nan kusa ba ce. In damina ta ɓata hanya, mota sai ta yi kwanaki ba ta isa ba, wanda ya tafi can sai dai a riƙa jin labarinsa. Ya ce wa direban ya amsa, zai bi shi in ya dawo, bayan bikin 'yancin kai.

Ina wurin ya gaya wa Gwaggo Delu. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Can ta juyo wajen da ta ji motsina ta ce, "Suma'ila, kai za ka sa ni a rami ke nan. Ka kula da likkafanin, kada ka yi mini karkataccen ɗinkin nan naka." Ta yi dariya, mu biyu ba wanda ya taya ta. Cikin 'ya'yan da ta haifa, Ɗan Azumi kaɗai ya rage mata.

Ana saura 'yan kwanaki biki, mutanen buro suka bazu cikin gari suna neman kujerun da manyan baƙi za su zauna. Suka ga na Ɗan Azumi a jere ba kowa a kai, suka saye duka, har tebura da farantai da ƙyallaye. Aka loda a amalanke, yana tsaye yana kallo. Ya rushe rumfar da hannunsa, ya ja ƙofar gaba ya sa sakata.

Abin da ya rage a gidan, ragowar shinkafa a gindin buhu da akuya ɗaya. Jummai ce ta ce a yanka ta a yi sadakar tafiya, a kira maƙwabta su yi addu'a. Ya ce ta dafa da kanta in ana so a ci. Nan ne na fara jin matar nan ta musa masa. Ta ce, "Ni ban iya shinkafa ba, Maigida. Ka dafa. In ba su ci ba, ni da yara ma ci." Ƙarya take yi, ta iya. Ya dube ta, ya tashi ya wasa wuƙa.

Ranar Juma'a aka sa. Da aka sauko daga masallaci na bi mutane ɗaya-ɗaya na gaya musu, na ce ta lungu ake shiga, ƙofar gaba a rufe take. Hadari ya haɗu, ana yayyafi. Muka shimfiɗa tabarmi a cikin soro, Jummai ta fito da manyan kwanoninta na aure da akushin Gwaggo, tunda farantai sun tafi. Ɗan Azumi ya juye abinci, ya koma bakin murhu ya ba ƙofa baya.

Suka fara shigowa, kowa yana kaɗe ruwa daga hula. Mai gyaran keke, mahaucin bakin kasuwa, masu rumfunan goro, mai awon hatsi. Allah ya taimake ni surukina ya tafi Mirya ta'aziyya. Sai ga Malam Ari, ya sunkuyo ta ƙaramar ƙofar nan, ya tsallake kwatar wanke-wanke, ya yi sallama yana "wushe, wushe" irin ta Barebari. Aka matsa masa. Aka yi bismilla.

Ban taɓa jin soro cike da maza ya yi shiru haka ba. Ba ka jin komai sai ruwa a indararo da ƙarar yatsu a kwano. Can mahauci ya ce, "Tun ina yaro nake sayar da nama, ashe ban taɓa cinsa ba." Malam Ari ya ɗaga murya ya ce, "Ina mai girkin? A ƙaro."

Ɗan Azumi ya shigo da tukunya, ya zuba, ya tsaya riƙe da ludayi. Ya ce, "Malam, ku gafarce ni in yi tambaya. Ran da na tare ku da faranti, me ya hana ku ci?"

Malam Ari ya dube shi kamar bai gane tambayar ba.

"A tsakiyar titi? Da gemun nan? Kai, Ɗan Azumi! Ina da iyali a Birni, mazan 'ya'yana biyu a kan hanyar nan suke kasuwa. In tsaya ina tauna a gabansu kamar akuya?"

"Ba hannuna ba ne?"

"Me ya sami hannunka?"

"Abin da na dafa wa Nasara."

"Tun daga lokacin ruwa ya ƙare a Damagaram ne, ba ka wanke ba? Ni da nake juya ɗanyar fata tun safe, wa ya taɓa ƙin ba ni hannu? Bari in gaya maka, tun kaka kake azabtar da ni. Gidana da nisa, ba na iya komawa da rana. Ina zaune a rumfa ina shan fura mai tsami, iska tana kawo mini albasarka. Na ce wannan bawan Allah me muka yi masa, ya dafa abu haka ya ajiye inda mutum ba zai iya kaiwa ba?"

Soro ya ɗauki dariya, sai kowa ya soma fitar da nasa. Mai goro ya ce matarsa ta tafi gidansu wankan jego, tun ran suna yake fama da ƙuli-ƙuli da ruwa. Mai awo ya ce ya taɓa zuwa har bakin rumfar, ya hango wan matarsa, ya duƙa ya yi kamar takalminsa ne ya tsinke. Wani ya ce da ma nan ciki ne tun farko. Ɗan Azumi ya juyo ya dube ni. Na ɗaga kai ina ƙirga azarar soro, don in na buɗe baki sai na ɓata masa ranar.

Da aka yi addu'a aka shafa, Malam Ari yana laluben takalmansa ya ce, "Gobe me za a dafa? Da kuɗina zan zo, kada ka ce sadaka." Ɗan Azumi ya ce ai tafiya zai yi. Malam ya ce ya ji, amma motar ba gobe ba ce.

Washegari tun da hantsi mahauci ya aiko da cinya, mai awo ya aiko da shinkafa. Ya dafa, suka cika tabarma ɗaya. Kashegari suka cika biyu. Ranar bikin, manyan baƙi suna zaune a kan kujerunsa a fili ana ta kiɗa da jawabi, shi ko leƙawa bai yi ba. Yana lungu yana yanka albasa, domin mutanen ƙauye da suka zo kallo sun gano ƙofar. Da direban Yamai ya dawo, Ɗan Azumi ya zuba masa shinkafa ya ce ya ba manya haƙuri.

Gidan ya yi shekaru masu yawa yana ci. Ba allo, ba suna, sai dai a ce mu je lungu. Ƙofar gaba ma daga baya toshe ta ya yi da tubali. Awakin Jummai suka dawo har suka fi na da. Da 'yan lakwal, yaran boko, suka girma suka zama ma'aikata suka ce su tebur suke so, ya sa kafinta ya yi musu ɗaya, ya ajiye a tsakar gida bayan zana. Gwaggo Delu ta ƙara ganin damina da dama. Ran da ta cika, ɗanta ne ya shiga ramin ya karɓe ta, ni ina sama ina miƙa masa itace. Shi ma yanzu ya daɗe da binta. Har ya bar duniya bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ni ma ban sa rai ba.

Amma in na tuna shi, ranar Juma'ar nan nake fara gani, bayan an gama dariya, kafin a yi addu'a. Yana tsaye da ludayi, bai san inda zai sa kansa ba. Malam Ari ya matsa gefe, ya bugi tabarma ya ce, "Zauna. Mu ba Nasara ba ne da za ka tsaya mana a ka." Ɗan Azumi ya ce ya ƙoshi. Sai a lokacin na farga cewa kalmar nan ita nake ji daga bakinsa a kowane suna da kowane ɗaurin aure, shekara da shekaru. Ba ƙoshi ba ne. Tsoro yake ji kada ya sa hannu a kwano wani ya janye nasa.

"Ban tambayi cikinka ba," in ji Malam. "Zauna."

Na zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ya zauna a ɗofane, ya miƙa hannun, ya ɗebi 'yar loma daga gefensa. Kowa ya san ladabin ci, mutum gabansa yake ci, kuma Malam Ari a kan wannan yake buge wa jikokinsa hannu. Amma ya miƙa nasa, ya tsallake kwanon gaba ɗaya, ya kai daidai inda yatsun Ɗan Azumi suka fito, ya ɗebo ya kai baki. Sannan ya juya wajen mahauci ya ci gaba da zancen tsadar fata.